Sikirif ɗin sabunta manhaja da rikicin 03/04: rana ce ko wata?

Mai tambaya yana kula da kwamfutocin wani kamfani mai rassa a ƙasashe da dama. Ya rubuta sikirif, wato fayil ɗin umarni, wanda ke tashi kowane dare ya duba ko an yi kwana bakwai rabon da a sabunta manhaja. Idan an yi, sai ya kwafe tsohuwar sigar cikin folda mai sunan kwanan watan ranar, sannan ya ɗora sabuwa. A kwamfutarsa komai lafiya lau. A wasu rassan foldar ba ta buɗuwa, a wasu sikirif ɗin yana sabuntawa kowane dare, a wasu kuma ya yi watanni bai motsa ba. Yana tambaya ko ya haɗa jadawalin ƙasashe da tsarin kwanan watan kowace ƙasa, domin sikirif ɗin ya riƙa gane inda yake.

Malam, kada ka haɗa jadawalin nan. Na san shi ne abin da ke fara zuwa wa mutum a rai, amma wahalar banza za ka sha. Tsarin kwanan wata a Windows ba na ƙasa ba ne, na mai amfani ne. Kowa yana iya shiga saitin yanki ya sauya shi yadda ya ga dama, kuma abin da ya zaɓa yana zaune a rajistar Windows ƙarƙashin `HKCU\Control Panel\International`, a wani gurbi mai suna `sShortDate`. Mutum biyu a ofis ɗaya, kan tebur ɗaya, suna iya samun tsari biyu. Ma'aikacin da aka tura Jamus daga Amurka yana iya tafiya da kwamfutarsa da saitinta na gida. Jadawalinka zai ce Jamus, kwamfutar kuma ta ce Amurka.

Matsalar ta samo asali ne daga wuri ɗaya: sikirif ɗinka yana karanta kwanan watan da aka shirya domin idon mutum. Kwamfuta a cikinta ba ta san 03/04/2025 ba. Abin da take riƙe da shi lamba ce guda, ƙidayar lokaci daga wani mafari. Sai za ta nuna wa mutum take yi wa lambar ado da al'adar yankinsa. Kai kuma ka tsaya a ƙofar fita, ka karɓi wanda aka yi wa ado, kana ƙoƙarin tuɓe shi ka mayar da shi lamba. Gyaran shi ne ka karɓi lokacin tun kafin a yi masa adon, ka rubuta shi da tsari ɗaya tak wanda kai ka zaɓa, ka kuma karanta shi da wannan tsarin dai.

Bari mu ɗauki 4 ga Maris 2025, ranar Talata, mu ga abin da ke faruwa. A saitin Amurka, `%date%`, inda sikirif ke karɓar kwanan wata a Windows, yana ba da `Tue 03/04/2025`. A na Ingila `04/03/2025`. A Jamus `04.03.2025`, a Japan `2025/03/04`, a Suwidin `2025-03-04`. Yawancin sikirif ɗin da ake kwafowa daga intanet suna yanka wannan rubutu da ƙidayar harafi: `%date:~4,2%` wata, `%date:~7,2%` rana, `%date:~10,4%` shekara. A kwamfutar Amurka wannan yana fitar da 03, 04 da 2025. Ka kai shi ta Ingila, inda babu sunan rana a gaba, sai wata ya zama `3/`, rana ta zama `02`, shekara kuma ta fito wayam domin rubutun ya ƙare kafin harafi na goma sha ɗaya. Alamar `/` ba ta halatta a sunan fayil ko folda a Windows. Ga dalilin da ya sa foldarka ta ƙi buɗuwa a wasu rassan.

Wannan ma mai sauƙi ne, domin yana yin ƙara, kowa ya gani. Wanda ya fi damuna shi ne mai shiru. Idan sikirif ya ɗauka wata ne a gaba alhali rana ce, to daga 13 ga wata zuwa ƙarshensa zai faɗi, tunda babu wata na 13. Amma daga 1 zuwa 12 ga kowane wata, juyayyen kwanan watan ma halastacce ne. Kwana 12 sau wata 12, kwana 144 ke nan a shekara. Cire 12 da rana da wata suke daidai, irin 1/1 da 5/5, saura kwana 132 da sikirif zai karanta ƙarya ba tare da ya ce uffan ba. An rubuta 04/03 ana nufin 4 ga Maris, ya karanta 3 ga Afrilu. Yau 11 ga Maris ya duba, ya ga sabuntawar ƙarshe tana nan gaba da sati uku, sai ya ce kwana bakwai ba su cika ba, ya koma barci. Idan an rubuta 02/11 kuwa ana nufin 2 ga Nuwamba, ya karanta 11 ga Fabrairu, sai ya ga an yi wata tara ba a sabunta ba, ya sake ɗorawa. Alamu biyun da ka lissafa, cuta ɗaya ce ta haife su.

Za ka ce ai kwamfuta ɗaya ce ta rubuta, ita ce kuma ta karanta, ta yaya za su saɓa? A nan gizo ke saƙar. Ranar da ka gwada sikirif ɗin da hannu, da asusunka ya yi aiki, da saitinka. Da dare kuwa, idan mai tsara ayyuka na Windows ne ya tashe shi da asusun SYSTEM, wato asusun Windows ɗin kanta, saitin da yake gani daban ne, wanda ke ƙarƙashin `HKEY_USERS\.DEFAULT`, kuma sau da yawa shi ne wanda aka bari tun ranar da aka ɗora Windows ɗin. A Linux haka abin yake da wata fuska: cron, mai tsara ayyuka na Linux, yana tashin aiki ba tare da saitin harshen da kake gani a tagar umarninka ba, sannan a Debian da Ubuntu, SSH, hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa, yakan ɗauko saitin harshe na `LANG` da `LC_*` daga kwamfutarka ya kai su sabar da ka shiga. Ka ga sabar ɗaya, sikirif ɗaya, amma sakamakon ya dogara da wanda ya shigo da inda ya fito. Na taɓa kwashe kwana biyu ina bin sawun irin wannan a wani wurin aiki, kafin na gano cewa wanda ya fara girka aikin ya gudanar da shi sau ɗaya da hannu, hatimin farko, wato kwanan watan da sikirif ke rubutawa ya ajiye, ya fito da tsarinsa, duk abin da ya biyo baya kuma aka karanta shi da tsarin SYSTEM.

Tsarin da za ka zaɓa ba sai ka ƙirƙiro shi ba. ISO 8601 yana nan tun 1988: shekara lamba huɗu, wata lamba biyu, rana lamba biyu, `2025-03-04`. Idan da lokaci, `2025-03-04T21:30:00Z`, harafin Z na nufin agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya. RFC 3339 na shekarar 2002 ya tsuke shi domin amfanin intanet. Kusan babu ƙasar da ke rubuta shekara, rana, sannan wata a al'adance, shi ya sa ba a yi masa fassara biyu. Kuma yana da wata falala da za ka ji daɗinta a foldojin ajiyarka: idan aka jera sunayen bisa haruffa, sun jeru ke nan bisa lokaci. Da tsarin rana a gaba, `01-12-2024` zai zo kafin `02-01-2023`, kuma ranar da ka rubuta umarnin share tsofaffin foldoji ka bar uku na ƙarshe, sabuwar za ka share.

A Linux da macOS abin ba wuya:

```
date -u +%Y-%m-%dT%H:%M:%SZ
date -u +%s
```

Na biyun yana ba ka daƙiƙoƙin da suka shuɗe tun 1 ga Janairu 1970. Domin tambayar "an yi kwana bakwai?" wannan na fi so, saboda ragi ne kawai: yanzu, a cire na baya, a gwada da 604800, daƙiƙoƙin kwana bakwai. Ka guji `%x` da `%c` da `%b`, su ne masu bin saitin yanki. Ka kuma sa `export LC_ALL=C` a saman sikirif ɗin, domin duk wani umarnin da za ka karanta amsarsa ya yi magana da harshe ɗaya. Sai ka lura `date -d` na GNU ne. A macOS `date -j -f` ake amfani da shi. Haka `stat -c %Y` a Linux, `stat -f %m` a macOS. Kada ka taɓa ciro lokacin fayil daga amsar `ls -l`, domin sunan wata yana bin harshe, kuma fayil ɗin da ya haura wata shida shekara ake nuna masa a gurbin awa.

Windows ne ke buƙatar a zauna a kansa. Shekaru da yawa maganin da ake ba masu fayil ɗin batch, tsohon salon sikirif na Windows, shi ne `wmic os get localdatetime`, wanda ke ba da lambobi a jere ba ruwansa da yanki. Yana aiki, amma Microsoft ta sanar da jingine WMIC tun Windows 10 sigar 21H1, kuma Windows 11 sigar 24H2 ba ta zuwa da shi a ɗore. Kada ka gina sabon abu a kansa. PowerShell, sabon harshen umarni na Windows, shi ne hanya.

Sai dai mutane da yawa suna rubuta `Get-Date -Format "yyyy-MM-dd"` su ɗauka an gama, alhali tsugune ba ta ƙare ba. Wannan umarnin ya tsayar da jerin shekara, wata, rana, amma bai tsayar da kalanda ba. A kwamfutar da aka saita ta Tailan, kalandar addinin Buddha ce ke aiki, wadda ke gaban ta Miladiyya da shekara 543, sai `yyyy` ya ba ka 2568. A saitin Larabcin Saudiyya na Windows, kalandar Ummul Ƙura ce, 4 ga Maris 2025 ya fito `1446-09-04`, wato 4 ga Ramadan. A saitin Farisanci na Iran shekarar za ta fito 1403. Duk ukun suna da kamar ISO 8601 sak, babu mai tace tsari da zai ƙi su. Hatimin 2568 idan aka karanta shi da Miladiyya, kwamfutar ba za ta sake sabuntuwa ba sai bayan ƙarni biyar da ɗoriya. Na 1446 kuwa kullum dare sai an sake ɗora mata manhaja, tunda a lissafin sikirif an yi shekara 579 ba a taɓa ta ba. Japan ma tana da ƙidayar zamanin sarauta ga wanda ya zaɓe ta, kuma ta sauya zuwa Reiwa ranar 1 ga Mayu 2019, shekara ta koma 1 a tsakiyar shekara.

Akwai kuma tarko na biyu a wannan umarnin. A tsarin .NET, wanda PowerShell ke kansa, alamar `/` da `:` a cikin zanen kwanan wata, irin `yyyy-MM-dd`, ba haruffa ba ne na zahiri. Ma'anarsu ita ce "sa mai raba kwanan wata na yankin nan" da "sa mai raba lokaci na yankin nan". Ka rubuta `yyyy/MM/dd` a kwamfutar Jamus, `2025.03.04` za ka samu. Maganin duka biyun ɗaya ne, ka faɗa masa ƙarara ya yi amfani da saitin da ba na kowace ƙasa ba:

```
$inv = [Globalization.CultureInfo]::InvariantCulture
$yanzu = [datetime]::UtcNow
$hatimi = $yanzu.ToString("yyyy-MM-dd'T'HH:mm:ss'Z'", $inv)
$folda = $yanzu.ToString("yyyyMMdd'T'HHmmss'Z'", $inv)
```

Ka ga na karɓi lokacin sau ɗaya na ajiye shi a `$yanzu`. Sikirif mai tashi da dare da ke tambayar rana a layi ɗaya, ya tambayi awa a layi na gaba, wata rana sha biyun dare za ta ratsa tsakaninsu, ya haɗa ranar jiya da awar yau. Ka ga kuma sunan foldar babu `:` a ciki. Windows ba ta yarda da ita a suna ba, kuma a faifan NTFS abin da ke bayan `:` yana iya zama ɓoyayyen sashen fayil, ka ga fayil mai guntun suna ba komai a cikinsa kana neman inda bayananka suka shiga.

Wajen karantawa ma kada ka bar shi ya yi hasashe. PowerShell yana da wata ɗabi'a da ta rikita ƙwararru da yawa: `[datetime]"03/04/2025"` kullum wata yake sawa a gaba, ko ina kwamfutar take, amma `Get-Date "03/04/2025"` da `[datetime]::Parse` suna bin saitin yanki. Layi biyu a sikirif ɗaya, rubutu ɗaya, rana biyu. Abin da ya dace shi ne `ParseExact` ko `TryParseExact`, ka ba shi zanen da ka rubuta da shi, ka ba shi `$inv`, ka kuma gaya masa lokacin na UTC ne ta hanyar `AssumeUniversal` da `AdjustToUniversal`. Idan rubutun bai dace da zanen ba, ya ƙi. Ƙin nan alheri ne. Na fi son sikirif da zai tsaya ya rubuta a kundin aikinsa cewa bai gane hatimi ba, a kan wanda zai gwada tsari biyar ɗaya bayan ɗaya har wani ya karɓa. Mai gwada biyar ɗin shi ne zai karɓi 04/03 da hannu bibbiyu a matsayin Afrilu.

In dole sai ka ci gaba da fayil ɗin batch, kira PowerShell daga cikinsa ya ba ka lokacin, kada ka koma wa `%date%`. Zanen `s` da `o` na .NET ba sa bin yanki ko kaɗan, don haka `[datetime]::UtcNow.ToString('s')` ya wadatar. Kuma ka kiyayi lissafi da `set /a`. Lambar da ta fara da sifili yana ɗaukarta a lissafin tushe takwas, inda babu 8 babu 9, saboda haka 08 da 09 suna kayar da shi. Bash, harshen umarni na Linux, ma haka yake yi da `$((08))`. Sikirif zai yi aiki lafiya daga Janairu zuwa Yuli, ya faɗi a Agusta da Satumba, ko kuma ranar 8 da 9 ga kowane wata, a yi ta zargin sabar ko layin intanet. A bash `10#` ake sawa a gaban lambar. A batch ana manna 1 a gaba a cire 100. `%time%` kuma kafin ƙarfe goma na safe fili yake bari a gurbin sifili, filin nan ya raba sunan fayil gida biyu.

Haruffan zanen kansu suna da nasu rikicin. A .NET da Java `MM` wata ne, `mm` minti. A umarnin `date` na Linux an juya: `%m` wata, `%M` minti. `hh` agogon awa 12 ne, `HH` na 24. Wanda ya fi ɓuya shi ne `YYYY` na Java da `%G` na Linux, waɗanda ke ba da shekarar lissafin makonni. Kusan duk shekara amsarsu daidai take da ta `yyyy`, sai 'yan kwanakin ƙarshen Disamba ko farkon Janairu. Litinin 30 ga Disamba 2024 tana cikin makon farko na 2025 a wannan lissafin, don haka hatimin ranar zai fito `2025-12-30`, shekara guda cur a gaba. Kwamfutar da aka sabunta a ranar ta yi sallama da sabuntawa har ƙarshen 2025.

Duk wannan a kan kwanan watan da kai ka rubuta ne. Akwai wanda wasu ke miƙo maka, kuma a nan ba ka da iko da tsarin, sai dai ka san na kowane. Idan kana duba `Last-Modified` daga sabar da kake sauko da manhaja, ƙa'idar HTTP ta tsayar da shi da Turanci da agogon GMT, kamar `Tue, 04 Mar 2025 21:30:00 GMT`. Ka karanta sunan watan da saitin yanki a kwamfutar Jamus, Afrilu da Nuwamba za su wuce domin gajeren sunansu ɗaya ne da na Turanci, amma Mayu da Oktoba da Disamba su ƙi, tunda can Mai da Okt da Dez ake rubutawa. A Python `email.utils.parsedate_to_datetime` aka tanada domin wannan. `schtasks /sd` da `forfiles /d` suna karɓar kwanan wata da tsarin yankin kwamfutar, don haka idan sikirif ɗinka yana tsara aikin gaba, ka yi shi da `Register-ScheduledTask` ko da fayil ɗin XML, wanda ke ɗaukar tsarin ISO. Gurbin `InstalledOn` na jerin gyare-gyaren Windows asalinsa rubutu ne, kuma takardun Microsoft da kansu sun ce yana iya zuwa da tsari fiye da ɗaya. In kana zuba sakamako a SQL Server, ka sani cewa gurbi mai nau'in `datetime` yana iya karanta `2025-03-04` a matsayin 3 ga Afrilu idan harshen asusun Turancin Ingila ne ko Faransanci. `20250304` ko mai harafin T a tsakiya su ne ba sa juyawa. A JavaScript kuma `new Date("2025-03-04")` UTC ne, amma `new Date("2025-03-04T00:00")` agogon gida ne.

Ko da za ka iya haddace tsarin kowane yanki yau, ba a tsaye suke ba. Bayanan yankuna da yawancin manhajoji ke dogara da su, na CLDR, ana sabunta su. A sigarsa ta 42 an maye gurbin filin da ke gaban AM da PM da wani siririn fili na daban, U+202F, wanda ido ba ya bambanta shi da na da. Ya shigo Java 20 da Node 20, shirye-shiryen da ke yanka lokaci a kan fili suka fara faɗuwa ba tare da an taɓa su ba. Ka duba yadda abin zai kasance a wurinka: sikirif ɗin sabuntawa ya ɗora sabuwar siga, sabuwar sigar ta sauya yadda ake nuna lokaci, sikirif ɗin ya daina gane hatiminsa, kuma shi ne kaɗai hanyar da za ka bi ka aika gyara. Wannan ne ya sa nake tsananta wa sikirif ɗin sabuntawa fiye da kowane. Wani shirin in ya lalace, sabuntawa ce ke ceto shi. Shi in ya lalace, sai an bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba amma ya fi duk na sama muhimmanci a ganina. Kwanan wata bai kamata ya zama shi ke yanke hukuncin a ɗora ko kada a ɗora ba. Lambar siga ce ya kamata ta yanke. Sikirif ya tambayi sabar wace siga ce ta yanzu, ya duba wadda ke kan kwamfutar, in ta sabar ta fi, ya ɗora. Agogon kwamfuta abu ne mai rauni: ƙaramin batirin da ke riƙe shi yana mutuwa, mutane suna sauya shi da hannu, ƙasashe masu agogon bazara suna maimaita awa ɗaya a shekara su tsallake ɗaya. Wanda ya taɓa ganin apt, mai ɗora manhaja a Debian da Ubuntu, ya ƙi aiki yana cewa fayil ɗin Release bai fara aiki ba tukuna, ya san abin da agogon da ya koma baya ke jawowa. Ka bar wa kwanan wata ƙaramin aiki, na hana sikirif damun sabar kowace awa. In ya kuskure a wannan, asarar ba ta wuce tambaya ɗaya da ba a buƙata ba. Sigar kuma ka gwada ta a matsayin siga, da `[version]` a PowerShell ko `sort -V` a Linux, domin a jerin haruffa 1.10 yana ƙasa da 1.9.

In ka ce za ka saƙa lambar siga daga kwanan wata, halas ne, Ubuntu ma haka take yi, 24.04 na nufin Afrilun 2024. Amma ka san girman mazubin da za ka zuba ta. Ranar 1 ga Janairu 2022 saƙonni suka maƙale a sabobin Microsoft Exchange a faɗin duniya, saboda lambar sigar bayanan tace ƙwayar cutar kwamfuta an gina ta da shekara lamba biyu a gaba, ta zama 2201010001, ta haura 2,147,483,647 da mazubi mai bit 32 ke iya ɗauka. Duk lambobin 2021 sun shiga, ta farkon 2022 ta ƙi. Wannan iyakar dai ita ce ke jiran ƙidayar daƙiƙoƙi ranar 19 ga Janairu 2038, kuma `set /a` na batch mai bit 32 ne, wani dalilin ke nan na barin lissafin a hannun PowerShell. Ƙara kwanaki ma kada ka yi shi da hannu. Ranar 29 ga Fabrairu 2012 Azure, sabobin haya na Microsoft, ta samu babbar tangarɗa domin wani shiri ya lissafa "baɗi war haka" ta hanyar ƙara 1 a kan shekara, ya samu 29 ga Fabrairu 2013, ranar da babu ita. `AddDays` da `AddYears` sun san da wannan.

Saura tsofaffin hatiman da ke kan kwamfutocinka yanzu. Kada ka rubuta shirin da zai fassara su. Ba ka san da wane asusu aka rubuta kowane ba, kuma `05/06/2025` ba ya ɗauke da abin da zai gaya maka. Sabon sikirif ya yi amfani da sabon fayil mai sabon suna. In bai same shi ba, ko ya same shi bai dace da zanen ba, ko lokacin da ke ciki yana gaban na yanzu, ya ɗauka ba a taɓa dubawa ba, ya duba sigar, ya rubuta sabon hatimi. Sharaɗin nan na uku kada ka manta da shi, shi ne zai farkar da kwamfutocin da suka yi watanni suna barci. Abu ɗaya za ka kula: daren farko dukkansu za su tashi tare, to ka sa kowace ta ɗan jira wasu mintuna na kan-mai-uwa-da-wabi kafin ta taɓa sabar. Tsofaffin foldojin ajiya kuma ka jera su da lokacin da faifan ya rubuta musu, kada ka bi sunansu, kuma kada umarnin sharewa ya taɓa foldar da sunanta bai dace da sabon zane ba.

Saitin yanki yana da wurinsa, wato saƙon da ma'aikaci zai gani a allo. Can ka bar kwamfutarsa ta nuna masa yadda ya saba, haƙƙinsa ne. Rahoton da zai tsallaka ƙasa zuwa gare ka kuwa, ka rubuta shi da ISO, ko ka rubuta sunan watan da haruffa, kada shekara ta taɓa zama lamba biyu.

Kafin ka tura gyaran rassa, ka gwada shi a kwamfutar gwaji da `Set-Culture`, kana buɗe sabuwar taga bayan kowane sauyi: en-US, en-GB, de-DE, th-TH, ar-SA. Ta Tailan da ta Saudiyya su ne za su tona maka duk inda ka manta `$inv`. A Linux `LC_ALL=de_DE.UTF-8` a gaban umarnin, da manhajar faketime domin sauya ranar. Ranakun da nake gwadawa su ne 4 ga Maris, 13 ga Maris, 8 ga Agusta da ƙarfe tara na safe, 29 ga Fabrairu 2028, da 29 ga Disamba 2025, wadda ita ma Litinin ce da ta faɗa makon farko na 2026. Kowane gwaji ka yi shi zagaye biyu: ka rubuta hatimin da asusunka ka karanta shi da SYSTEM, sannan ka rubuta da SYSTEM ka karanta da asusunka.